Shekarar da Kaka Ta Koma Yarensu

Ɗanyar citta ba ta san kawaici ba. Makon jiya ina wucewa ta bakin kasuwar Kafanchan, wani buhu ya yage a wurin sauke kaya, tayar mota ta bi ta kan abin da ya zube, ƙamshin ya tashi ya sha gabana. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan acaba ya tambaye ni ko titin gadon gidanmu ne. Ni kuwa a lokacin ba na Kafanchan. Ina tsakar gidanmu a ƙauye, can wajen Nok, ƙafafuna a miƙe a kan tabarma, ƙaramar wuƙa a hannuna, Kaka kuma tana gefe tana duba aikina da wutsiyar ido.

In ba ku taɓa ganin ƙauyenmu a lokacin haƙar citta ba, to ku ɗauka duk wani abu mai shimfiɗaɗɗen baya ya shiga uku. Kan dutse, rufin kwano, filin makaranta, gefen hanya, har barandar majami'a in fasto ya yi tafiya, ko'ina shanya ce. Ruwa ya ɗauke, safiya ta fara sanyi, maza suna gona suna tono, mata kuma suna zagayawa gida-gida suna tsagawa, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Yatsu su yi zafi, in ka manta ka sosa ido ka gane kurenka. A cikin wannan da'ira ta mata, Kaka ce alƙali. Ita ce uwar babana. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, abin da na sani game da shi kawai shi ne ya yi aikin reluwe a Kafanchan da ƙuruciyarsa, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da tari.

Kaka tana tsaga citta daga kai zuwa gindi, gida biyu daidai, ba ta ko kallo. Bakinta ma haka yake aiki. Yarenmu a bakinta ya fi na kowa tsabta. Ita ke gyara mana in mun karkace, ita ake tambaya sunan ciyawar da kowa ya manta. Hausa kuwa ta ajiye ta don wurare biyu, majami'a da ciniki, kuma a duka biyun ba a taɓa kayar da ita ba. Ni ce jikar da aka ba ta, kamar yadda ake yi a wurinmu: yarinya ɗaya ta kwana a ɗakin tsohuwa, ta ɗebo mata wuta da safe, ta shanye faɗan da ya kamata a raba wa gida duka. Ladana shi ne ƙanzon tuwon acca da gyaɗar da take ɓoyewa a tukunya. Har yau ban ga na faɗi a cinikin ba.

Abin ya fara ne da gishiri. Ta zuba a miya, ta juya, ta sake zubawa, ta kuma rantse hannunta bai taɓa shi ba. Daga nan aka tsinci littafin waƙoƙinta na sujada a cikin rumbu. Ta fara kirana da sunan 'yarta da ta yi aure tun kafin a haife ni. Muka yi dariya, ita ma ta taya mu. A wancan zamani kalmomi biyu muke da su ga tsohon da ya sauya hali. In sauyin bai dami kowa ba, tsufa ne. In ya dami wani, maita ce. Tsakanin biyun babu ko bencin hutawa.

Da damina ta shigo sai muka lura in an yi mata magana da yarenmu, da Hausa take amsawa. Matan gida suka sami abin tsokana, suna cewa Alhaji mai sayen cittarmu ya saye ta har da harshe. Kafin a sake haƙa, Hausar ma ta fara zubewa, yau a rasa wannan kalma, gobe waccan, har ta koma nuni da hannu. Sai wata safiya ina hura mata wuta, ta dube ni ta yi wata doguwar magana da ban taɓa jin irinta ba. Ba ihu ba ne, ba kuma sambatun zazzaɓi ba. Magana ce mai hawa da sauka, da tambaya a ƙarshenta, ta kuma jira amsa. Da na yi shiru ta yi tsaki, irin wanda take yi wa wadda ta tsaga citta a karkace.

Zumuntar mata ta majami'armu ta rabu biyu a kan lamarin. Waɗanda suka taɓa zuwa taron farkawa a Kafanchan suka ce baiwar magana da baƙin harsuna ce, Ruhu Mai Tsarki ya ziyarci tsohuwa a ƙarshen kwanakinta. Sauran suka ce tun da suke ba su taɓa jin Ruhu ya yi tsaki ba. Fasto, mutum ne mai son zaman lafiya, ya zo ya yi addu'ar da kowane ɓangare zai iya cewa amin, ya koma gida.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Amma Kaka ta fara fita da sassafe da ƙwarya a hannu, sai a tsince ta a bayan makaranta ko a gonar wani. Wata safiya aka same ta a gidan maƙwabta, a bakin ɗakin da ƙaramin yaronsu ke kwance da zazzaɓi, ta sunkuya a kansa tana jan zanensa, tana wannan magana tata. Kafin rana ta take yaron ya fara jijjiga. Kafin ta faɗi kalma ta biyu, wato maita, ta shigo ƙauye. Ba wanda ya faɗe ta da ƙarfi, ba a ma bukatar haka. Zagayen tsaga ya zo kan gidanmu ya tsallake. Cittarmu ta yi tsibi a tsakar gida tana gumi, tabarmin da muka shimfiɗa wa mata suka wuni babu kowa sai kaji. A rafi kuma, 'yan matan da muke wasa tare suka gano cewa tulunansu sun fi son ɗaya gefen.

Babana yana aikin soja a nesa, don haka magana tana hannun yayansa, wanda muke kira Baba Babba. Shi ne mai gida, kuma dattijon ikilisiya mai kujera a gaba. Yana son uwarsa, wannan ba na shakka. Yana kuma son kujerar. Ban ce ya fi son kujerar ba, amma ita ce ake kallonsa a kai kowace Lahadi. Ya ce dattawa za su zauna bayan sujada, shi kuma zai roƙa a kai Kaka wani gidan addu'a da ke bayan dutse, inda ake ɗaure mutum a sa shi azumi har abin da ke jikinsa ya gaji ya fita. Mun san wurin. Waɗanda suka dawo daga can ba su da yawa, kuma ba su dawo da ƙiba ba.

Mama, wato uwata, mace ce marar yawan magana, kuma matar ƙane ba ta da wurin zama a shawarar maza. Amma ita ke yi wa Kaka wanka, ita ke ba ta abinci. Ta sami Baba Babba a inuwa, ta durƙusa, ta ce:

“Baba, duk lokacin da na miƙa mata ruwa, kalma ɗaya take faɗa. In na miƙa tuwo, wata ce daban, ita ma ba ta sauyawa. Ni ban san aljanu ba, amma wannan ya san ruwa ya san tuwo.”

Ya ce ta je ta duba tukunyarta.

Ranar kasuwa Alhaji ya shigo da a-kori-kurarsa. Tun zamanin mahaifinsa gidansu ke sayen cittar gidanmu, saboda haka da ya ga tsibi ba a taɓa ba, ya tambaya. Mama ta gaya masa. Ya cire takalmi ya shiga ya gaishe da tsohuwa, ita kuma ta ba shi rabonsa na doguwar magana. Ya fito yana shafa gemu. Ya ce shi bai ji me ta ce ba, amma kunnensa ya san wannan sauti, yana jin irinsa a kasuwar Godogodo, a bakin tsofaffin da ke saukowa daga wasu ƙauyuka na bayan tsauni. Sai kuma ya tuna mahaifinsa yakan tsokane ta da 'yar tasha, wai a tashar jirgin Kafanchan kakanmu ya gan ta tana sayar da dafaffiyar gyaɗa. Ashe ba akwati da tari kaɗai ya kawo daga reluwe ba.

Za ku ce yaya za a yi ƙauye guda ya manta asalin mace. Ba wuya. A wurinmu mace in ta shigo gida, yaren gidan take ɗauka, nata kuma ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati. Da ta haihu sunanta ma ya tafi, ta zama uwar wane. Iyayen Kaka sun mutu da wuri, danginta ba yawa, hanya ba kyau, zumunci ya tsinke. Tsararrakinta da suka ga zuwanta duk suna bayan majami'a a kwance. Baba Babba ya san an ce uwarsa daga wani wuri take, kamar yadda mutum ya san an ce an haife shi da damina, amma bai taɓa jin ta furta kalma ɗaya ta can ba. Ta iya yarenmu har ta fi mu, mu kuwa muka saka mata da mance cewa koya ta yi. Mantuwa dai ba a kan Kaka kaɗai ta sauka ba, ita ce kawai aka kama da ita.

Mama ba ta nemi izini ba, don ta san amsar. Ta hau kan buhunan Alhaji ta tafi neman mai jin yaren. Ranar Lahadi, dattawa sun riga sun zauna a gindin mangwaron bayan majami'a, rabin ƙauye kuma ya tuna yana da abin yi a kusa da wurin, sai ga Mama da wata 'yar ficiciyar tsohuwa mai sanda, wadda mota ta jijjiga har tana zagin direba. Ba dangin Kaka ba ce. Tana dai cikin ƙalilan da suka rage da yaren cikakke, domin can ma yara sun koma Hausa.

An zaunar da Kaka a kan kujera 'yar tsuguno a tsakiya, tana ninke bakin zanenta tana warwarewa. Baƙuwar ba ta gaishe da dattawa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta faɗi wata gajeriyar magana. Hannun Kaka ya tsaya. Ta ɗago kai, ta amsa. Daga nan sai ka ce an fasa madatsar ruwa. Suka yi ta yi, wannan ta faɗa waccan ta karɓa, dattawan ikilisiya suna zaune kamar masu jiran mota. Kaka har da dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba, mai girgiza kafaɗa.

Da Baba Babba ya gaji ya tambayi abin da ake cewa, tsohuwar ta amsa da Hausa irin tamu ta nan, wadda ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji:

“Yana tambaya ko rafi ya cika. Uwarsa ya aike shi ruwa tun safe, ya rasa hanya.”

Sai uwar yaron nan na maƙwabta ta matso. Ta ce ita ba wannan ne ya kawo ta ba, ita abin da aka faɗa a kan ɗanta take so a fassara. Aka tambayi Kaka, ba ta san wani yaro ba. Matar ta ce ba komai, ita ta riƙe. Gaskiyarta kuwa, ta maimaita kalmomin a gidaje da yawa a matsayin shaida har sun zauna mata kamar ayar haddacewa. Ta karanto su a gaban jama'a. Tsohuwar ta sa ta sake, ta kasa kunne, sannan ta ce:

“Ya ce ku rufe yaro, akwai sanyi. Ya ce ina uwarsa ya tafi.”

 Yaron da ake batu a kansa, wanda aka yi wa allurai a ɗakin shan magani tun tsakiyar mako, yana can gefe yana bin wani zakara.

Sai Kaka ta juya. Ta nuna Baba Babba da leɓe ta tambayi wani abu. Baƙuwar ta yi kamar ba ta ji ba, shi kuma ya nace.

“Ya ce wane ne wannan tsoho mai kallon mutane, ba shi da gona ne?”

Wasu suka fara dariya, da suka ga fuskarsa suka haɗiye. Ya miƙe tsaye. Sannan ya cire hularsa, ya zo gabanta ya tsuguna, da babbar rigarsa ta Lahadi a cikin ƙasa, ya dubi baƙuwar.

“Mama, a wurinku in mutum zai gaishe da uwarsa da safe, yaya yake cewa?”

Ta gaya masa. Ya faɗa, ya karkace. Kaka ta yi tsaki ta gyara masa. Ya sake, ta sake gyarawa, sai da ya faɗa daidai sannan ta amsa.

Ban ji an yanke wani hukunci ba. Dattawa suka yi addu'ar rufewa suka watse. Washegari mata suka shigo gidanmu da wuƙaƙensu, kowace tana bayanin ciwon bayan da ya hana ta zuwa makon jiya. Baƙuwar ta zauna da mu har bayan Kirsimeti, muka koyi abin da za mu iya: ruwa, tuwo, zo, zauna, sannu. Mama ta mayar wa Kaka wuƙarta, duk da an ce za ta yanke, hannun kuwa bai manta komai ba. Akwai abin da ba mu sani ba har ƙarshe. In Kaka ta tambayi uwarta, sai mu sa a gaya mata ta rasu tuntuni, ita kuma ta yi kuka sabo fil kamar yau aka yi rasuwar. Mun ɗauka gaskiya magani ce ga kowace cuta. Kaka ta rasu da damina ta gaba, a ɗakinta, ƙofa a buɗe.

Yanzu Mama ce. Bara ta fara tambayata ko na ci abinci alhali kwanon yana hannuna. Na yi shekaruna ina koyarwa, na karanta abin da ya sawwaƙa, amma sai da na yi wata da watanni ina cewa gajiya ce kafin na kai ta babban asibiti a Jos. Likitar yarinya ce, ba ta kai wasu ɗalibaina ba. Ta ba Mama takarda ta ce ta zana agogo. Mama ta ce ita ba ta taɓa bukatarsa ba, akwai zakara akwai ƙararrawar majami'a. Likita ta yi dariya ta janye takardar, ta ce to ta lissafo mata abin da ake sawa a miya, da dabbobin da ta sani. Ta ce mini irin waɗannan gwaje-gwaje a wata ƙasa aka tsara su, ana nan ana ƙoƙarin gyara su su dace da mutanenmu da harsunanmu. Aka ɗebi jini don a tabbatar ba wata cuta ce mai saurin magani ta ɓuya a baya ba, aka auna hawan jini, aka duba kunne, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Na ga hoton. Kamar gyaɗar da ta fara motsewa a cikin ɓawonta.

Cutar mantuwa, in ji ta, masu Turanci suna cewa dimenshiya. Ba ta warkewa tukuna. Akwai maganin da kan taimaka na wani lokaci, a kuma kula da hawan jini, a gyara ji, kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki. Na karanta cewa an fara gano wani nau'inta da wuri ta gwajin jini, akwai kuma sababbin magunguna, amma waɗannan har yanzu suna can inda sai da jirgin sama. Abin da ya tsaya mini shi ne tambayar da ta yi tana cikin rubutu: da wane yare Mama ta fara magana a duniya? Ta ce sau da yawa wanda aka koya daga baya shi ke fara tafiya, na farko shi ke jira. Ta ce in Mama ta tambayi wanda ya mutu kada a yi mata gardama, a ce ta ba da labarinsa. Na zauna a kujerar asibiti, yarinyar da ba a haifa ba a lokacin tana yi mini bayanin Kakata.

Abubuwa sun sauya, ban ce duka ba. Zumuntar mata ta unguwarmu suna zuwa wurin Mama bi da bi, ba wadda ta kawo zancen harsuna. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani a majami'a bayan sanarwa. Amma har yanzu nakan ji an tsinci wata tsohuwa a wani ƙauye tana yawo da asuba, kuma ba likita aka fara kira ba.

Hausar Mama ta fara raguwa. Ba na tsoro sosai, domin inda za ta, na san hanyar: yarenmu ne, da shi ni ma na buɗe baki. 'Ya'yana ne ba su da shi. A Kafanchan suka tashi, da Turanci da Hausa da gurɓataccen Turancin nan na burokan, ni kuwa malama ce, na fi damuwa da su ci jarrabawa. Shi ya sa yanzu duk wanda ya shigo gidana, ɗa ko jika, in yana son abinci sai ya roƙa da yarenmu, in ya karkace ya sake. Babbar 'yata tana gaya wa ƙawayenta wai tun da na yi ritaya na zama mai kishin al'ada. Na bar ta a haka. Ban ga amfanin gaya mata tun yanzu cewa wanda zai amsa mini nake tanada ba.